Kuran (wutar lantarki) daga juji, ta yaya ake yi?

Salamu alaikum jama'a. In aka tara shara mai yawa aka rufe ta da ƙasa, iska ba ta shiga, sai wasu ƙwayoyin halitta su kama cin sauran tuwo, ɓawon albasa, kashin dabbobi, takardu, suna fitar da gaz. Kusan rabin gaz ɗin nan metan ne, mai kama wuta, kuma in an bar shi ya hau sama yana ɗumama duniya kusan sau 28 fiye da iskar kabon cikin shekara 100.

To yadda ake kama shi, ana haƙa rijiyoyi cikin jujin a zura tiyo mai huji-huji, a jona su duka da injin da ke zuƙo gaz ɗin, amma fa ba kai tsaye yake shiga gurup, wato injin da ke ba da kuran, ba, sai an cire mashi ruwa da wannan iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, don ita ke cinye ƙarfe, in an yi sakaci inji ya lalace tun bai maida kuɗinshi ba. Daga nan gurup ya ƙona gaz, kuran ya fito. Birnin Durban na Afirka ta Kudu ya yi haka a jujin Mariannhill da na Bisasar Road, juji guda kan iya shekara 20 yana bayarwa.

Mu nan Maradi kowa na tune da 2023 sadda Najeriya ta yanke wuta, shi ya sa maganar ga ta dame ni ƙwarai. Sai dai jujinmu a buɗe yake, rana ta busar da shi, a cinna mashi wuta, jajayen awakinmu sun riga sun tsince abin ci, manoma sun kwashe taki da amalanke zuwa gona, me ya rage? Leda da rairayi, su kuwa ba su ba da gaz ko kaɗan. Gaz na son danshi da zurfi da rufi.

Kenan kafin a yi zancen sayen inji sai meri, wato hukumar gari, ta ware wuri guda babba, a shimfiɗe ƙasanshi don ruwan shara kar ya kai ga rijiyoyinmu, a riƙa rufewa kullum. A ganina ma gara a fara da mayanka, inda tumbi da kashin shanu ke zubewa jiƙe kowace safiya, a zuba su rufaffen rami, cikin ƴan makonni gaz ya fara fitowa.