Kati Biyu a Hannu: Wane Ne Ya Fi Ƙarfi a Wasan Poka?

A wasan poka samfurin Texas Hold'em, kowa kati biyu ake raba masa a rufe, daga baya a buɗe biyar a tsakiyar tebur. To tun kafin a buɗe ko ɗaya, wa ke gaba?

Kati 52 na iya haɗuwa bibbiyu ta hanya 1,326, amma in aka tankaɗe aka rairaye, iri 169 ne kacal. Gagarabadau a cikinsu shi ne A biyu, wanda ke zuwa kusan sau ɗaya a rabo 221. In ya kara da mutum guda mai riƙe da kowane irin kati, yakan ci wajen kashi 85 cikin 100. Ku haɗa shi da mutum tara kuwa, sai ya sauko kusan kashi 31.

Yanzu ku duba waɗannan hannaye uku da kyau. Mai 2 da 2 yana ɗan gaban mai A da K masu alama daban-daban (alama ita ce zanen da ke jikin kati, kamar zuciya), kusan 53 da 47. Shi kuma mai A da K ya fi mai J da 10 masu alama ɗaya, kusan 60 da 40. Kuna tsammanin 2 da 2 zai lallasa J da 10 ke nan, ko? Ina! J da 10 ne ke gaba da ɗan kaɗan, domin kowane ɗayansu ya fi 2, ga damar yin jere (kati biyar masu bin juna), ga ta cika kati biyar masu alama ɗaya. Ashe ƙarfin hannu ya danganta ne da wanda ya ci karo da shi.

Babban tarkon sabon shiga shi ne hannu irin A da Q. Kyau a ido kam akwai, amma a gaban A da K kusan kashi 26 zuwa 30 ne kawai: A ta fito, ta amfani kowa, K kuma ta danne Q.

Wani zai ce ai Doyle Brunson ya lashe gasar duniya a 1976 da 1977 da 10 da 2 a hannu. Haka ne, sai dai hannun har gobe na zubarwa ne.

Alama ɗaya ma ana zuzuta ta fiye da kima. Abin da take ƙarawa kashi 2 zuwa 3 ne, kuma ba ta cika biyar sai kusan sau ɗaya a rabo 15.