Lambar da ke jikin gem ba ƙwaƙwalwar yaro take aunawa ba

[Hoto: yatsun yaro suna gudu a kan allon waya]

Assalamu alaikum. Tun makon jiya da na saka hoton nan saƙonni ba su daina shigowa ba. Hoton kwalin gem ne kawai, da jan tambari a ƙasa an rubuta 18. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce, "Malam, ni ɗana shekararsa tara, amma na 18 yake bugawa, har ya gama shi. Ƙwaƙwalwa gare shi." Jama'a suka yi ta zuba mata Masha Allah. Ni ma na ce Allah ya raya shi, ya ƙara masa basira. Amma Hajiya, ba abin da lambar nan take nufi ke nan ba. Saboda ke da iyaye irinki na haɗa wannan bidiyo, a daure a kalla har ƙarshe.

Bari mu ɗan yi sauri ta kan katun tukuna, don daga can ruɗanin ya faro.

Mu da muka tashi da Tom and Jerry, a kunnenmu kalmar katun tana nufin abin yara. Kyanwa da ɓera, gudu da faɗuwa, shi ke nan. To ko shi ɗin, da William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a 1940, a gidajen sinima ake nuna shi, manya da yara a zaune. Zane hanya ce ta ba da labari, kamar yadda rediyo take hanya. A rediyo akwai shirin yara, akwai kuma wanda za ka rage murya idan yaro ya shigo.

Japan ta fi kowa nuna haka. Abin da ake kira anime ya kafu a talabijin ɗinsu tun 1963 da Astro Boy na Osamu Tezuka, kuma su sun raba kasuwarsu gida-gida. Akwai kodomo, na ƙananan yara, irin su Doraemon. Akwai shonen na samari masu tasowa, can ne Naruto da One Piece da Dragon Ball suke. Akwai seinen na manya. Idanu manya, gashi a tsaye, duk zanen iri ɗaya ne a idon wanda bai saba ba. Ku kalli waɗannan biyun. Na dama yaro ɗan shekara biyar zai kalla ya yi dariya. Na hagu, Attack on Titan ne, ƙattai suna cin mutane da ransu, kuma a Amurka tambarin manya aka manna masa. Ba zan saka muku wurin ba.

Tun da ido ba zai raba mana ba, sai lamba. Ga inda nake so mu zauna sosai.

[Hoto: tambura biyar a jere, 3, 7, 12, 16, 18]

Waɗannan na hukumar PEGI ne, ta ƙasashen Turai, wadda ta fara aiki a 2003. Biyun farko kore ne, biyun tsakiya ruwan goro, na ƙarshe ja. Mutane da yawa suna karanta su kamar ajin makaranta. Wai 3 na masu koyo ne, 18 na ƙwararru. Idan yaro ya tsallake ya kama 18, kamar an yi masa ƙarin aji ne. Na fahimci dalilin wannan tunani, domin haka muka saba gani a jikin littattafai, na aji ɗaya, na aji biyu, wuya na ƙaruwa da lamba.

Amma masu ba da lambar nan ba sa tambayar ko wasan yana da wuya. Abin da suke dubawa shi ne, me ido zai gani, me kunne zai ji. Akwai jini? Ana kashe mutum? Yaya ake nuna kisan? Akwai ashar? Akwai tsiraici, giya, ƙwaya, caca? Amsar waɗannan ita ke fitar da lamba.

Ga misali a gabanku. Wannan FIFA 23 ne, wasan ƙwallo, lambarsa 3. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san sai ka yi watanni kafin hannunka ya faɗa. Magidanci da gemunsa zai zauna yaro ya zura masa biyar babu ko ɗaya, 'yan kallo suna ihu. Wasa ne mai wuya, amma 3 aka ba shi, saboda babu abin da zai tsorata yaro ko ya ɓata masa tarbiyya a cikin abin da ake nunawa a fili. Wasan dara na Turawa ma idan aka saka shi a waya haka ne, manyan masana suna ƙare rayuwarsu a kansa, lambarsa ta ƙasa ce.

Yanzu ga GTA, wato Grand Theft Auto, lambarsa 18. Shiga mota, taka wuta, danna nan ka yi harbi. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya wannan cikin rabin awa. Sauƙin bugawa bai hana shi zama 18 ba, domin a ciki ana kaɗe masu tafiya a gefen titi, ana fashi, ana sayar da ƙwaya, bakin 'yan wasan kuma cike yake da zagi. Waɗanda suka yi zamanin PlayStation 2 sun tuna GTA San Andreas na 2004, yadda yara ke cika benci suna jiran layi. Kwalin da tambarinsa, amma mu faifan kwafi muke gani, an rubuta suna da maka.

Don haka idan ɗan shekara tara ya gama wasa mai 18, abin da ya faru shi ne ya kalli duk abin da aka ce kada ya kalla, daga farko har ƙarshe, kuma da hannunsa ya aikata shi a cikin wasan. Wannan shi ne ya fi damuna. A fim kallo kake yi. A gem kai ne mai danna maɓallin.

Bari in bi matakan a hankali, ku dubi hotunan da ke wucewa. Mai 3, kowa da kowa. Mai 7, akwai ɗan abin tsoro ko faɗa irin na zane, wanda bai yi kama da gaske ba. Minecraft a nan yake. Mai 12, faɗa ya fara tsanani, akwai ɗan baƙar magana da shaguɓe irin na manya. Fortnite a nan yake. Mai 16, duka da harbi sun yi kama da na zahiri, taba da giya sun shigo. Mai 18, kisa ba dalili, azabtar da wanda ba zai iya kare kansa ba, caca. A bayan kwali kuma akwai ƙananan zane da ke faɗin dalili: dunƙulen hannu yana nufin faɗa, gizo-gizo abin tsoro, allura ƙwaya, hannu riƙe da katin banki kuma yana nufin ana sayayya a cikin wasan. Ko ba ka jin Turanci za ka karanta waɗannan.

Idan harafi kuka gani maimakon lamba, na Amurka ne, hukumar ESRB. An kafa ta a 1994 bayan majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kan wasanni irin su Mortal Kombat, wanda a ciki ake cire kan mutum. E na kowa, T na 'yan 13 zuwa sama, M na 'yan 17. Kuma ƙasashe suna saɓawa. Fim ɗin anime na Demon Slayer na 2020, a Japan an yarda yara su kalla da jagorancin iyaye, a Amurka sai aka ba shi R, wato ɗan ƙasa da 17 sai da babba. A ra'ayina, idan hukumomi biyu suka saɓa, ka ɗauki mai tsananin, sannan ka ɗora naka ma'aunin a kai. Su ba da tarbiyyar gidanka suke auna ba. Abin da suka ce ya dace da ɗan 12, musamman wajen sutura da soyayya, ba lalle ka yarda da shi ba.

A nan ba ni da hoton da zan saka, sai dai ku saurara. Ɗan yayata ya zo hutu, shekararsa goma. Da daddare ya ƙi kwana shi kaɗai, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin ƙofata. Na ce, "Yaya dai, ɗana?" Ya ce, "Kawu, ƙattan nan suna leƙowa ta taga." Da safe na karɓi wayar. An kai ta wani shago an cika memori da katun, babu tambari, babu gargaɗi, sunayen ma lambobi ne. Mai shagon ya ji an ce "na yara" ya zuba duk wani abu mai zane. Na kira yayata, ta ce, "Wallahi ni na ga zane ne, shi ya sa ban duba ba." Ban ga laifinta ba. Yadda abin ke iso mana, daga waya zuwa waya, kwalin tun a hanya yake faɗuwa.

Abu ɗaya kuma da lambar ba ta rufe ba, shi ne mutanen da ke cikin wasan. Roblox, Free Fire, PUBG, duk ana haɗuwa da baƙi ta intanet, ana rubutu, ana magana da murya. Hukuma tana iya duba abin da kamfani ya zana, ba za ta iya sanin abin da wani ƙato zai faɗa wa 'yarka da ƙarfe goma na dare ba. Haka batun kuɗi. Wasan kyauta ne, amma riga da bindiga da lu'ulu'u na sayarwa ne. A 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, ciki har da miliyan 245 da za a mayar wa waɗanda aka ciri kuɗinsu ba da niyyarsu ba. Kada a bar katin banki a maƙale a wayar da yaro ke riƙewa.

[Hoto: allon Play Store, yatsa na nunawa]

To a waya ina lambar take? Buɗe Play Store, rubuta sunan wasan. Ga taurari, ga yawan waɗanda suka sauke, ga ta nan a gefe, 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Danna ta, dalilan za su fito. Idan ka ga Users Interact, ana hira da baƙi ke nan. A cikin saitin akwai wurin iyaye, ka zaɓi iyakar shekaru ka rufe da lambar sirri. Katun da aka turo ba tambari kuwa, rubuta sunansa a Google ka duba, ko ka zauna ka kalli kashi ɗaya daga tsakiya, don na farko sau da yawa lafiya lau yake.

Ɗan yayata kuwa, mun zauna tare mun goge wancan, ya yi fushi na kwana biyu, sannan na saka masa Minecraft, yana bugawa shi kaɗai ba tare da shiga wurin baƙi ba. Ga abin da ya turo mini jiya. Masallaci ne ya gina, hasumiya biyu, har da wurin alwala a gefe. Ya ce saura rijiya.