Idan Bugun Zuciya Ya Yi Sanyi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Mun saba jin tsoron zuciyar da ke dukan uku-uku, amma wadda ta rage gudu ba kasafai ake kula da ita ba. Baligi mai lafiya, idan yana zaune yana hutawa, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ƙasa da 60 shi ne jinkirin bugu.

Ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Bugu na raguwa a cikin barci, kuma ɗan tseren da ya horu na iya zama da bugu 45 lafiyarsa ƙalau. Abin tsoro shi ne jinkirin ya zo da jiri, kasala, haki, ruɗewa, ko mutum ya yanke jiki ya faɗi.

A saman ɓangaren dama na zuciya akwai ɗan wurin da ke ba da wutar kowane bugu. Tsufa na raunana shi, ko hanyar da wutar ke bi ta toshe. Raguwar aikin tayiroid (wata gaɓa da ke gaban wuya), taruwar sinadarin fotashiyam a jinin mai ciwon ƙoda, da minsharin da ke ɗauke numfashi, duk suna iya jawo jinkirin bugu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne magani, domin shi ake yawan mantawa. Atenolol, propranolol, verapamil, diltiazem da digoxin, waɗanda ake bai wa masu hawan jini da ciwon zuciya, rage gudun zuciya na cikin aikinsu. Idan aka haɗa biyu, ko ƙodar dattijo ta gaza fitar da maganin, sai bugu ya sauka fiye da kima. Har maganin ɗigawa a ido, timolol, na masu hawan jinin ido: ɗigon na gangarawa ta kusurwar ido zuwa hanci, ya shiga jini, ya kai ga zuciya. Wa zai kawo wa ransa cewa ɗigon ido ne ke sa tsohuwa jiri? Sai a ce shekaru ne, a bar ta tana faɗuwa.

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga na minti guda cur. Idan bugun ya yi ƙasa kuma ga alamomin nan, don Allah kada a yanke magani da kai, domin daina irin su atenolol farat ɗaya haɗari ne. A tattara magungunan duka, har da na idon, a kai wa likita ya yi gwajin ECG, wato na auna wutar bugun zuciya, da na jini. Idan kuwa akwai suma ko ciwon ƙirji, asibiti nan take.