Zanen Ɓatanci da 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓa.

Na farko tarihi ne, kun san shi. A Satumbar 2005 jaridar Jyllands-Posten ta Denmark ta buga zane 12 na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). A Janairun 2015 kuma 'yan bindiga suka kutsa ofishin Charlie Hebdo, jaridar barkwanci da ita ma ta buga irin wannan zane, a Paris, mutum 12 suka mutu. Mu wuce.

Na biyu, a nan zan ɗan zauna. Turawa na cewa wai a wajensu baki ba shi da linzami. Ƙarya ne, jama'a! Tun 1990 Faransa ke da dokar Gayssot: ka musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, sai kotu. Ban ce dokar ba ta dace ba, ku fahimce ni, kada wani ya yanki maganata ya ɗora a Facebook. (Dariya.) Cewa na yi akwai linzami. Ita kanta Charlie Hebdo, a 2008 ta kori mai zanenta Siné kan wasu 'yan layuka da ya rubuta game da ɗan Shugaba Sarkozy, aka ce ƙyamar Yahudawa ce. Jyllands-Posten fa? A 2003 an kai mata zanen Annabi Isa (AS), ta ƙi bugawa, wai zai fusata masu karatu. Ashe sun san fushi! Akwai linzami, na sake faɗa, sai dai a tambayi wa ke riƙe da shi. Denmark ta soke dokar saɓo a 2017, a Disambar 2023 ta dawo ta haramta ƙona littattafai masu tsarki a bainar jama'a.

Na huɗu... au, na uku ko? To, ga hannu can.

Tambaya: Malam, to in an taɓa Annabi mu zuba ido ke nan?

A'a ɗana, ban ce ba. A 2006 Larabawa suka daina sayen madara da man shanun kamfanin Arla na Denmark, kaya suka yi kwantai, har kamfanin ya sayi shafuka a jaridun Larabci yana nesanta kansa da zanen. Jyllands-Posten ma ta ba da haƙuri kan ɓacin ran da ta jawo. Mu kuwa? A Fabrairun 2006 aka ƙona coci-coci a Maiduguri, aka kashe maƙwabta, sannan aka rama kan 'yan'uwanmu a Onitsha. A 2015, kan zanen Charlie Hebdo, Damagaram da Yamai suka kama da wuta, mutum 10 suka rasu. An bar jaki ana dukan taiki. Mai shagon da aka ƙona a Damagaram, wane zane ya yi? Zauna, mu ji ta wancan malamin.