Gidan Haya: Tun Ranar Ba da Makulli Ake Kashe Rigimar Ranar Fita

Bashir: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zancen masu gidan haya za mu yi, ba masu rukunin gidaje ba, mai gida ɗaya ko ɗakuna shida da yake jiran kuɗinsu don cefane da kuɗin makaranta. Ina tare da Malam Sani, mai kula da gidajen haya, da Barista Hadiza. Malam, mutum ya gama gini, ga mai nema ya zo. Daga ina zai fara?

Malam Sani: Daga bincike. Kada ɗumin kuɗi ya ruɗe shi. Ya ga katin shaidar ɗan ƙasa na mutumin, ya san sana'arsa da inda yake yin ta, ya san mutum nawa za su zauna. Sannan ya tambayi inda ya baro da dalilin tashinsa, in da hali ya ji ta bakin tsohon mai gidan. A samu wanda zai tsaya masa, mai adireshi sananne, ya sa hannu. A kuma sanar da mai unguwa.

Bashir: Ai dillali ya kan ce ya san mutumin.

Malam Sani: Dillali la'adarsa yake jira, yawanci kashi 10 cikin 100 na hayar shekara. Da ya karɓa aikinsa ya ƙare, kai ne za ka zauna da ɗan hayar. Kuma kuɗin haya ya shiga asusun mai gida kai tsaye, kada ya bi ta hannun kowa.

Bashir: Barista, da yawa a nan da baki ake gamawa. A ce ai ɗan uwa Musulmi ne, ko abokin yayana ne.

Barista Hadiza: Malam Bashir, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Hayar baki tana da ƙarfi a kotu, amma tabbatar da sharuɗɗanta ne wahala. Takardar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, adireshin gidan da ainihin ɗakin, kuɗin, ranar farawa da ranar ƙarewa. A rubuta wanda zai biya wuta, ruwa, shara da kwashe masai. A rubuta cewa ba a yarda ya saka wani a ɗakin ya karɓi haya ba, ba a yarda ya fasa bango ko ya mai da ɗakin kwana shago ba sai da izini a rubuce. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Bashir: A cikin waɗannan wanne aka fi yin sakaci da shi?

Barista Hadiza: Wa'adin sanarwar tashi. A dokar da ake aiki da ita a Abuja, in takarda ba ta faɗi komai ba, mai biyan mako-mako a ba shi mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Jihohi suna da nasu dokokin, yawanci a kan wannan tsari, don haka kowa ya duba ta jiharsa. Amma doka ta bar ƙofa: abin da kuka amince a rubuce shi ke aiki. In kun rubuta wata uku, wata uku ne. In kuma kun rubuta hayar shekara ɗaya cak, daga rana kaza zuwa rana kaza, da ta cika ta ƙare da kanta, ba a buƙatar wata shidan.

Malam Sani: Shi ya sa duk shekara a sabunta takarda. In ka bar shi ya ci gaba da biya kana karɓa ba sabuwar yarjejeniya, ya zama ɗan hayar shekara-shekara.

Barista Hadiza: Haka ne, Malam. Wata shidan ta dawo ke nan.

Bashir: To wa'adi ya cika, ya ƙi tashi. Nan ne za ka ga an cire ƙofa, ko an yaye kwano ana tsakiyar damina.

Barista Hadiza: Don Allah kada kowa ya yi haka. Cire ƙofa, yanke wuta, canza kwaɗo, watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne. Mai gida da yake da gaskiya sai ya koma wanda ake ƙara, kotu ta sa shi biyan diyyar da za ta iya fin bashin da yake bi. Kuma akwai mata da yara a ɗakin nan. Hanyar ita ce: bayan wa'adin farko ya ƙare, a ba shi sanarwa ta biyu ta kwana bakwai cewa za a je kotu. Cikakkun kwana bakwai, ban da ranar da aka miƙa takardar. Sai a shigar da ƙara, a nemi gidan, da bashin baya, da kuɗin zaman da ya yi bayan wa'adi. Ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne.

Bashir: Me ke kayar da masu gida a kotu?

Barista Hadiza: Ƙananan abubuwa. Lissafin kwanaki ya gaza, ko ɗan haya ya ce bai ga takarda ba kuma babu shaidar an ba shi. Wanda ya kai ta ya rubuta rana da lokaci, ya ɗauki hoto in manna ta ya yi a ƙofa. Lauya ko wakili da zai sa hannu ya riƙe izinin mai gida a rubuce. Sannan kada a karɓi sabuwar haya bayan an ba da sanarwa ba tare da shawarar lauya ba, domin za a iya cewa an sabunta zaman.

Bashir: Malam, mu koma cikin gidan. Wuta.

Malam Sani: Wuta ta fi komai haɗa faɗa a gidan haya. Mita ɗaya, ɗakuna takwas, wannan yana da firji da dutsen guga, wancan ƙwai ɗaya da fanka, a ce a raba daidai. Ba za a zauna lafiya ba. In da hali kowane sashe da mitarsa mai kati. In babu, a sa ƙaramar mita a layin kowane ɗaki, a karanta ranar ɗaya ga wata. Ranar shiga a rubuta lambar mita da abin da ke kanta, ranar fita a duba ko an bar bashi, domin bashin a kan asusun gidan yake zama, sabon ɗan haya ya sa kati ya ga ana zaftare masa. A duba kuma ko an zagaye mitar da waya, don tarar mai gida za ta fara nema.

Bashir: Gyara fa, na wa ne?

Malam Sani: Rufi, bango, masai, manyan bututu da injin burtsatse na mai gida ne. Ƙwan lantarki, kan famfo, makulli da gilashin da aka fasa na ɗan haya ne. Mai gida ya ware hayar wata ɗaya a shekara don gyara: mai karɓar naira dubu 600 ya ajiye dubu 50. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, a hau rufi a duba ƙusoshin da suka ɗaga, a share indararo da kwata. Yoyon da ƙusa biyu za su tsayar, in an bar shi zuwa Agusta sai ya cinye silin da katako. Ranar ba da makulli kuma a zaga da waya a ɗauki bidiyon kowane ɗaki tare da ɗan hayar, a tura masa. Da shi za a auna abin da za a cire daga kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin shiga saboda ɓarna, a mayar masa da saura da lissafi a rubuce.

Barista Hadiza: A ƙara da rasit. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da yake biya a shekara, iyaka naira dubu 500, daga kuɗin da za a yi masa lissafi a kai. Don haka 'yan haya masu biyan haraji za su riƙa neman rasit. Ya nuna adadin, ranar biya, da watannin da kuɗin ya ɗauka.

Bashir: Ƙarin haya fa, Malam?

Malam Sani: A sanar a rubuce aƙalla wata uku kafin shekara ta cika, a kuma duba abin da makwabta ke karɓa. Ɗakin da ya yi wata biyu a kulle, ga fenti ga gyara, ya cinye ƙarin da ake hange. Mai biya a kan lokaci, a sassauta masa ya zauna.

Bashir: Malam, Barista, mun gode. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.