Hayaƙi da launin fata: wa gurɓatacciyar iska ta fi kashewa?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, na kuma gode muku da kuka jure zafin nan kuka zo.

Da labarin wata yarinya zan buɗe. Sunanta Ella Adoo-Kissi-Debrah, baƙar fata, 'yar unguwar Lewisham a Landan. Ta rasu a watan Fabrairun 2013 tana da shekara 9, bayan asma ta kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara uku. Tsakanin gidansu da babban titin South Circular, inda motoci ke tsayawa cak suna tuƙa hayaƙi, bai wuce mita 25 ba. Mahaifiyarta Rosamund ta ƙi barin maganar ta kwanta, har aka sake bincike, kuma a Disambar 2020 aka rubuta gurɓacewar iska cikin abubuwan da suka yi ajalin yarinyar. Ba a taɓa rubuta wa wani haka a Birtaniya ba kafin ita.

To, me ke cikin hayaƙin? Abin da ya fi ɓarna shi ne wani gari-gari da ake kira PM2.5. Ka cire gashi ɗaya daga kanka, ka raba kaurinsa gida 30, kusan girmansa ke nan. Gashin hanci ba ya tare shi, tari ba ya fito da shi. Yana gangarawa har ƙarshen huhu, ya tayar da kumburi, wani ma ya ratsa cikin jini. Daga nan jijiyoyi su ƙanƙance, jini ya hau, ya riƙa saurin daskarewa. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana shaƙar hayaƙi, amma ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ne zai kayar da shi, ba wanda zai tuna da titin da ke bakin ƙofarsa.

Yanzu mu je Amurka, don a can ne aka fi ƙididdige abin. A 2017 masana a Jami'ar Harvard suka fitar da nazarin da ya bi tsofaffi kusan miliyan 61 daga 2000 zuwa 2012. Duk lokacin da wannan gari ya ƙaru a iska, mutuwa na ƙaruwa ga kowa. Amma ga baƙar fata, ƙarin ya kai kusan ninki uku na sauran jama'a. Wani zai ce ai talauci ne. Sun duba wannan: ko da aka ware matalauta gefe, bambancin bai gushe ba.

A nan ne mutane ke saurin cewa a jini abin yake. Ni dai ban gamsu ba, kuma ga dalilina.

A shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin Amurka ta zana taswirar birane sama da 200. Unguwar da take ganin kuɗi ba za su nutse ba ta shafa mata kore. Unguwannin baƙar fata da baƙin haure, akasari ja aka shafa musu. Gida ya yi arha a wurin, mutanen ba su da mai tsaya musu, sai aka riƙa tura musu abin da kowa ke gudu: manyan tituna, masana'antu, tashoshin manyan motoci. Wani nazari na 2022 a birane 202 ya nuna unguwannin jan layin nan sun fi shaƙar hayaƙin mota bayan kusan shekara 80. Ku dubi kudancin Bronx a New York, inda babban titi ya tsaga unguwa biyu, asma ta yi katutu a cikin yara. Ko gaɓar kogin Misisifi tsakanin Baton Rouge da New Orleans, mil 85 na matatun mai da kamfanonin sinadarai, da yawansu a maƙwabtan baƙar fata.

Akwai wani lissafi na 2019 da nake so ku riƙe. Fararen fata na shaƙar ƙasa da hayaƙin da saye-sayensu ke haifarwa da kashi 17 cikin 100. Baƙar fata na shaƙar sama da nasu da kashi 56, 'yan asalin Latin Amurka da kashi 63. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka ɗora wannan a kan mutumin da dama yana da hawan jini, ba shi da inshorar lafiya, aikinsa kuma a waje yake, a bakin titi ko wurin lodin kaya.

Sai abin da ya fi ba ni takaici, kuma daga ɗakin likita ya fito. Akwai na'urar da ake ba marar lafiya ya hura da iya ƙarfinsa don a auna huhunsa. Shekara da shekaru, kafin ta ba da sakamako sai an shigar mata da launin fatar mai hurawar. In baƙi ne, sai ta rage abin da take tsammani daga gare shi da kashi 10 zuwa 15, wai haka aka halicci huhunsa. Mutum biyu, tsayi ɗaya, shekaru ɗaya, su hura daidai wa daida: a ce wa fari huhunka ya taɓu, ga magani, a ce wa baƙi lafiyarka ƙalau, ya koma gida yana haki. Sai a 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina sa launin fata a lissafin.

Na ga an miƙo mini takarda cewa la'asar ta kawo jiki. Malam da ke can baya, tun ɗazu hannunka na sama, bismilla.