Darasin gareji: yadda ake fitar da faɗin aksil ɗin baya na tsohuwar Ford

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar kwamfuresa, yanzu za ta yi shiru. Ƙanena ne riƙe da waya yau, in hoto ya yi rawa kun san wanda za ku kama.

To ga ta nan. Ford Model A ce ta 1930, mun ɗora bodinta a kan shasin Ford ta 1932, ba madigadi, taya a fili. Irin wannan ita Amurkawa ke kira hot rod, abin da samarin kudancin Kalifoniya suka faro tun shekarun 1930: a sayi tsohuwar Ford da araha, a kwance duk abin da ke da nauyi, a tafi busasshen tafki irin El Mirage a taka wuta. Mai motar ya kawo ta don mu sa mata aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu yana juya su, tambayarsa ta farko kuma ita ce wanne zai saya. Na ce masa maigida, kada ka sayi komai tukuna, kawo min tayoyinka da rim ɗinka. Taya ce ke faɗa maka faɗin aksil. Wanda ya fara sayen aksil, daga baya zai yi ta yawon neman rim ɗin da zai rufa masa asiri.

Na riga na ɗaga motar na ajiye ta a tsayin da za ta zauna a titi, wannan kun iya, ba sai na nuna ba. Na gangaro da tayoyin biyu na jingina su inda nake so ido ya gan su. Matso da wayar nan. Kun ga tsakanin kumatun taya da bodi na soka katako mai kaurin inci ɗaya, nan da can. Yanzu sai a zura tef ta ƙarƙashi, daga fuskar rim ta ciki, wato inda rim ke mannuwa da gangar birki, zuwa irin wannan fuskar a ɗaya gefen. Riƙe min can. A'a, ba bakin rim ba, shiga ciki, inda ramukan noti suke. Yawwa. Hamsin da bakwai da... tsaya, tef ɗin ya lanƙwasa, ja shi. Inci 58 cif.

Bari mu gwada da lissafi mu ga ko za su yi daidai. Bodin nan a wurin da taya ke zama na auna inci 46. Sarari inci ɗaya kowane gefe, 48 ke nan. Sai zurfin bayan rim. Nan fa ku natsu, don nan ne ya taɓa rikita ni shekara guda cur. Ka kifa rim a ƙasa, ka gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa na baya, ka auna daga ƙarfen zuwa fuskar da noti ke ɗaurewa. Namu inci 4 ne. Taya kuma ta yi kumatu ta wuce bakin rim da kamar inci ɗaya, biyar ke nan. Biyar nan, biyar can, goma. Goma a kan 48, 58. Alhamdulillahi, sun haɗu. Abin da nake so ya zauna muku: duk yadda zurfin bayan rim ya ƙaru, taya cikin mota take shigewa, don haka aksil ɗin da kake buƙata faɗi yake ƙarawa. Ni a da juya shi nake yi a kaina, ina ganin rim mai zurfi ai gajeren aksil yake so. Rim mai zurfi ta gaba, wanda ake gani daga waje, shi ne mai son gajere. Mai zurfi ta baya dogo yake so. Na maimaita ko? To na maimaita, ba laifi.

Wani zai ce inci ɗaya ya yi yawa, a matse taya jikin bodi ya fi kyau. Gaskiya ya fi kyau a hoto. Amma aksil ɗin nan sanda ɗaya ne, in tayar dama ta hau tudu, saman tayar karkatowa yake ciki, ya goge maka fentin da ka biya kuɗi masu yawa. Tayoyin nan dogaye na da kuwa sun fi yin haka. Ni ba na sauka ƙasa da inci ɗaya.

Yanzu me ake samu mai faɗin 58 ko kusa da shi? Na asali na tsofaffin Ford, daga 1928 zuwa 1948, shi ake kira banjo saboda tsakiyarsa ta yi kama da wannan abin kiɗa, mu da mun ce gurmi. Kyau kam babu kamarsa a motar da ba madigadi. Matsalarsa shaf ɗinsa, wato sandar ciki mai juya taya, ƙaramin ki ne, ɗan guntun ƙarfe, ke riƙe shi da gangar taya, in ka sa inji mai ƙarfi ka saki kuloci da zafi, yana iya karyewa, in ya karye kuma taya na iya ficewa ta bar ka. Mai wannan motar V8 na Chevrolet ya sa, don haka banjo ya fita daga lissafi.

Sai Ford mai inci tara, wanda aka yi daga 1957 zuwa 1986. Sunan daga faɗin babban giyar ciki ya samo, kada ku ɗauka faɗin aksil ne. Ina son shi saboda duk kayan cikinsa ta gaba ake zaro su dunƙule ɗaya, ka sa a benci ka yi aikinka a zaune. Na motar Ford Bronco daga 1966 zuwa 1977 inci 58 ne, ga shi ramukan notinsa biyar a kan da'irar inci biyar da rabi, daidai da rim ɗin Ford na 1940 da muke da shi a nan. Shi muke nema ke nan, sai dai ya yi tsada yanzu, masu gyaran Bronco sun wawashe. Na Mustang 1965 da 1966 kusan 57 da kwata ne, na Maverick mai inci takwas 56 da rabi, amma su ramukansu a kan inci huɗu da rabi suke, sai ka canza rim ko a sake huda.

Akwai na Ford Explorer, mai giyar inci 8.8, cike yake a wurin 'yan gwangwan na nan, irin Fantekarmu ta Kaduna sai dai da kanka kake kwancewa. Kusan 59 da rabi ne, na 1995 zuwa 2001 da birkin faifai yake zuwa. Tsakiyarsa ba ta tsaya a tsakiya ba, ta ja gefen fasinja, sai mutane su yanke dogon gefen su sa gajeren shaf na biyu, ya ragu da kusan inci uku. Yana aiki, ba musu. Amma a motar da kowa ke leƙen bayanta, ni dai ba ya min kyau. Ra'ayina ne.

Abu ɗaya kafin ka tura kuɗi: tambayi mai sayarwa daga ina zuwa ina ya auna. Na taɓa tuƙa awa huɗu na ɗauko wani da aka ce min 56 ne. Ashe mutumin kwankon aksil ɗin, wato gidansa na waje, kawai ya auna, ba shaf ba ganga. Da na haɗa komai sai ga 61, don kowane gefe yana ƙara kusan inci biyu da rabi. Motar ta tsaya ƙafafu a ware kamar raƙumi zai sha ruwa. Dole na yanke shi, da haka ma na koyi rage aksil. In kuna da wanda ya yi muku faɗi ku kawo, muna yankewa, muna zura sandar saiti kafin walda don boris kada ya ci gefe. Mai yi da ido kawai, wata uku boris zai fara kuka.

Af, na manta, a auna da gangar birki a jiki, kaurinta yana cikin lissafi. To ƙanena, ajiye wayar a kan jak ɗin can, zo ka kama min tayar nan mu karkata ta mu ga ko inci ɗayan zai ishe mu.